Darasin Turanci: Yadda Ake Sanar da Ofis Wani Abu a Rubuce

Turanci da Faransanci ne harsunan hukuma a Kamaru, shi ya sa a nan sansanin Minawao ake rubuta takardu da yawa da Turanci. Wanda kuma ya koma Najeriya, da Turanci zai rubuta wa makaranta, asibiti ko ƙaramar hukuma. Jimlar farko ita ke nuna wa ma'aikaci ko matsala kuka kawo ko labari kawai kuke ba shi. Ga yadda za ku zaɓe ta.

1. Idan akwai matsala kuma kuna son a ɗauki mataki

Ku rubuta: "I would like to bring to your attention that..." Ma'anarta ita ce, ina so in jawo hankalinku ga wani abu. Misali, idan babu sunan 'yarku a katin abinci: "I would like to bring to your attention that my daughter's name is missing from our ration card." Akwai kuma "I would like to draw your attention to...", amma ita sunan abin ne ke bin ta kai tsaye: "...to the broken tap in our block", wato famfon da ya lalace a rukuninku.

2. Idan labari ne kawai

Ku rubuta: "I am writing to inform you that..." Bayan "that" cikakkiyar jimla ke zuwa: "...that my son is ill and cannot come to school." Wannan ta dace da wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta idan yaro ba shi da lafiya. Ku kiyaye: ba a cewa "inform to you". "Inform you" ake cewa.

3. Idan canji ne da ya kamata ya shiga rajista

Haihuwa, rasuwa ko sauya matsuguni, kalmar da ta fi dacewa da su ita ce "notify". Misali: "I wish to notify you of the birth of my son on 3 May." Bayan "of" sunan abin da ya faru ake sawa, ba doguwar jimla ba. Kada ku jinkirta irin wannan wasiƙa, domin jaririn da ba a sanar da haihuwarsa ba, ba zai shiga takardar iyali ba.

4. Jimlolin da ofis ke rubuto muku

"Please be informed that..." da "Kindly note that..." galibi daga hukuma suke fitowa zuwa ga jama'a. Idan kun gan su a allon sanarwa, ku duba rana da wuri da kyau. Amma kada ku buɗe wasiƙarku ga jami'i da su, don za ta yi kama da kuna ba shi umarni.

Abin da zai biyo baya

Jimla mai kyau ba ta isa ba idan babu bayani. Ku sa cikakken suna kamar yadda yake a katinku, lambar rajista, kwanan wata, sannan ku faɗi abin da kuke so a yi. Wasiƙa ɗaya, magana ɗaya. Idan kun fara da "Dear Sir" ko "Dear Madam", ku rufe da "Yours faithfully". Ku ajiye kwafi a gida.

Wanda bai iya Turanci ba, kada wannan ya hana shi zuwa ofis. Yana iya yin bayani da baki, ya nemi tafinta. Kai ƙorafi kyauta ne, kada ku biya kowa.

Aikin gida: ku rubuta layi huɗu kuna sanar da ofis cewa kun sauya matsuguni. Wace jimla za ku zaɓa? Ku sa ɗalibin da ke gidanku ya karanta muku ita da ƙarfi.