Hoton Sallah: A Nemi Mai Hoto Tun Kafin A Ga Wata

Duk shekara idan azumi ya shiga goman ƙarshe, tela ya daina karɓar ɗinki, mai lalle ta cika littafinta, mai kwalliya da ɗaurin ɗankwali kowa ya riga ya kama layi a wurinta. Mu masu ɗaukar hoto kuwa wayarmu ba ta fara ruri sai daren jajibere, wasu ma sai an sauko daga Idi: "Malam, kana ina? Mun shirya fa, yanzu muke so." Magidanci ya yi wata biyu yana fafutukar shadda da atamfa da leshi, amma abin da zai rage bayan kayan sun koɗe, yara sun girme su, shi aka bari sai ƙarshe. A Kano nake wannan sana'a, kuma yawancin rigimar da nake gani tsakanin masu hoto da masu gida bayan Sallah, da an zauna an yi magana ta minti goma tun da wuri, da ba ta taso ba.

Bari in fara da rana, don ita ce uwar aikin. An sauko daga filin Idi na Ƙofar Mata ko masallacin unguwa, an gaisa, an ci tuwon Sallah, mata sun gama rabon abinci sun shiga wanka da kwalliya. Kafin gida ya haɗu cif, azahar ta kawo jiki, kuma a lokacin ne ake cewa mai hoto ya fito da kyamara. To, a Kano rana tsaka a tsakiyar ka take tsayawa. Hula tana jefa inuwa a goshi, ramin ido ya yi baƙi, kowa ya runtse ido kamar an yi masa laifi. Ga kuma matsalar da ta fi damun mu a nan: farar shadda mai sheƙi da fuska mai duhu a hoto ɗaya. Idan aka saita kyamara don fuska ta fito, sai rigar ta ƙone fari fat, aikin zaren da aka biya kuɗi mai yawa a kansa ya ɓace. Idan aka saita don rigar, sai fuskar ta nutse. Gwani yana iya sasanta su da fitila ko da faifan mayar da haske, amma a inuwa ko da sanyin rana abin ya fi zuwa da sauƙi, ya kuma fi kyau nesa ba kusa ba.

Shekarun nan kuma Sallah a cikin zafi take faɗowa. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris, Babba kuma ranar 6 ga Yuni, kuma kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. Duk wanda ya san bazarar Kano ya san abin da ƙarfe ɗaya na rana take yi wa hoda da jan baki. Hajiya ta biya mai kwalliya, minti ashirin a tsakar gida gumi ya tsaga fuskar gida biyu, daga baya a ce mai hoto bai iya ba.

Lokaci mai kyau guda biyu ne: da hantsi kafin rana ta yi ƙarfi, sai kuma bayan la'asar sakaliya zuwa dab da magariba. Na yamman nan bai wuce awa ɗaya da rabi ba, kuma shi kowa yake so. Mutum ɗaya ba zai kasance a Hotoro da Rijiyar Zaki a yammaci guda ba, balle ranar da hanyoyin cikin gari suka cushe. Wanda ya riga magana shi ne da wannan lokacin. Kuma ba dole sai ranar farko ba. Kayan Sallah ba sa tsufa a kwana ɗaya, kuma sau da yawa hoton rana ta biyu ko ta uku ya fi fitowa, saboda an huta, ba a jiran baƙi, uwargida ba ta da tukunya a wuta. A Babbar Sallah ma abin ya fi haka: ranar farko maza suna fama da yanka da fiɗa, washegari mata suna kan suya, don haka wanda ya ce a zo masa da rana tsaka a waɗannan ranaku wahala kawai ya sayo wa iyalinsa.

Akwai masu cewa a yi musu hoton iyali a wurin hawa, dawaki a bayansu. Na fahimci sha'awar. Hawan Daushe a Ƙofar Kudu abin kallo ne da ba a gajiya da shi, ga Hawan Nassarawa, ga na Ɗorayi da na Fanisau, kuma a Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Amma wurin hawa wurin ɗaukar hawa ne. Ƙura ce, turmutsutsu ne, ga ƙarar 'yan bindiga, ga doki da ba ya tambayar waye a gabansa idan ya zabura. Ba zan tsayar da mai goyo da yara huɗu a nan in ce su yi murmushi ba. Idan gidanku akwai mai hawa, a kira mai hoto tun ana ɗaura wa doki kaya a ƙofar gida, mahayi yana naɗa rawani, rigarsa ba ta sha ƙura ba tukuna. A nan ake samun hoton da ake ratayewa a falo. Sannan kada a ɗaure cinikin gaba ɗaya a kan hawa, domin an ga yadda aka dakatar da shi a Babbar Sallar 2024 da kuma a 2025. A yi magana tun farko: idan ba a yi hawa ba, ina za a koma, kuma yaya batun kuɗin da aka bayar?

Maganar wuri ba ta da tsawo. Gidan Makama yana da kyau, amma a nemi izinin masu kula da shi tukuna. Dutsen Dala ba wurin tsoho ko mai takalmi mai tsini ba ne. Gidan Zoo ranar Sallah kuwa, duk inda ka juya kan wani ne a bayanka. Situdiyo tana da sanyi da haske mai biyayya, sai dai layi. Ni dai na fi son gida: bakin zaure, inuwar darbejiya, ko bangon da bai cika tarkace ba. A kwashe bokitai da igiyar shanya, shi ke nan. Kuma a fara da tsofaffi. Kaka ba ta jure zama a jira 'yan mata su gama gyara ɗankwali, kuma hotonta ne za a zo ana nema ido rufe wata rana. Daga ita sai ƙananan yara, kafin su ɓata kaya da miya ko su fara rigima. Samari da 'yan mata su zo ƙarshe, su ba sa gajiya.

Yaya ake gane wanda ya iya? Shafin Instagram ba ya isa shaida, don kowa mafi kyawun aikinsa yake sakawa, wasu ma aikin da ba nasu ba. A ce ya nuna aikin gida ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda masu shi suka yarda a nuna. A duba hoton taro na mutum goma sha: duk fuskokin sun fito, ko na gaba ne kawai? A duba mai farar riga: ana ganin aikin wuyan? Girman kyamara kada ya ruɗi kowa. Sannan a yi tambayar da mutane suke jin nauyin yi: kai da kanka za ka zo, ko yaronka za ka turo? Ranar Sallah wasu suna karɓar aiki biyar a lokaci ɗaya su rarraba wa yara. Ba laifi ba ne idan an faɗa tun farko kuma yaron ya iya, amma wanda ya biya kuɗin babban mai hoton ya kamata ya san wanda zai shigo masa gida.

Ciniki kuma a rubuta shi, ko da a saƙon WhatsApp ne. Awa nawa, ƙarfe nawa za a fara, kaya kala nawa za a sauya, hoto nawa za a gyara a bayar, ranar da za a karɓa, da wanki da firem ko babu, kuɗin mota a kan wa, nawa ne kafin alƙalami. A zamanin fim, mai hoto yana da 36 a cikin kyamara, kowane ɗaya da lissafinsa, ba a gardama. Yanzu da ake danna ɗaruruwa, mai gida yana ganin duk nasa ne, mai hoto kuma yana lissafin ashirin ɗin da zai zauna ya gyara. Daga nan faɗa yake farawa. Masu cewa kuɗin ya yi yawa a kan aikin awa ɗaya, awa ɗayan suka gani. Ba su ga daren da za a kwana gaban kwamfuta ana zaɓe da gyara ba, da man janareto, da kayan aikin da farashinsu yake bin dala, da kuma cewa mutumin nan ya bar nasa iyalin ranar Sallah. Ku ma masu gida da naku: an ce ƙarfe biyar, a fito ƙarfe biyar. Rana ba ta jiran ɗaurin ɗankwali, kuma akwai wani gidan da yake jira bayanku. Idan an yi ciniki a kan mutum takwas, kada a tara maƙwabta da 'yan yawon Sallah su zama talatin sannan a yi fushi don an ce a ƙara wani abu.

Batun gyara, ina da ra'ayi kuma ba na ɓoye shi. "Don Allah a ɗan haska ni" ita ce maganar da muka fi ji. Cire ƙurji, rage maiƙon fuska, daidaita haske, duk aikinmu ne. Amma a mayar da baƙa fara sol, a goge fuska har ta rasa ƙofofin gashi, fuska fari hannu baƙi, wannan ɓata hoto ne. Shekara ashirin nan gaba 'ya'yanki za su duba su ce wannan wace ce. Idan mutum ya nace, kuɗinsa ne, amma ina ba da shawara a karɓi kala biyu, a ajiye na gaskiyar.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi. Mai hoto yana shiga inda baƙo ba ya shiga. Yana ganin matan aure da 'yan mata cikin kwalliyar da ba su fita da ita waje, kuma yana tafiya da hotunansu a aljihu. Sau nawa aka wayi gari aka ga hoton matar mutum a shafin mai hoto, an sa waƙa a ƙasa, maza suna ta sharhi, ita ba ta sani ba, mijin ma a wurin abokai ya ji? Aure ya sha girgiza a kan irin wannan. Daga shafin kuma ba a san inda hoto yake tafiya ba: masu buɗe asusun bogi suna ɗauka su yaudari mutane da shi, ga kuma manhajojin yanzu da suke iya ɗora fuskar mutum a jikin da ba nasa ba. Abokan sana'ata wasu suna cewa ai hoton nasu ne, su suka ɗauka, da shi suke talla. Gaskiya ne dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bai wa wanda ya ɗauki hoto haƙƙinsa, amma ita dokar dai ta ce wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin kansa da gidansa yana da ikon hana a yaɗa shi ga jama'a, sai in an yi wata yarjejeniya daban. Ko babu doka ma, amana ce, kuma mun san hukuncin cin amana.

Saboda haka a faɗa da baki, a kuma rubuta: ba a yarda a saka ko ɗaya ba, ko kuma ga waɗanda aka yarda. Izinin maigida bai wadatar a kan hoton ƙanwarsa ko matar wansa ba, kowace a tambaye ta. A tambayi mai hoton su waye za su taɓa hotunan bayan shi, don sau da yawa ɓarnar daga wurin wanki ko wayar yaron shago take fita. A yi magana a kan tsawon lokacin da zai ajiye su kafin ya goge. Gidan da ba sa son namiji ya shiga, akwai mata masu ɗaukar hoto a Kano da suka iya aikin sosai, a neme su, su ma da wuri, don ba su kai mu yawa ba kuma layinsu ya fi saurin cika.

Idan an gama, kada a yarda a turo hotuna a WhatsApp yadda aka saba tura hoto, saboda yana matse su, ranar da aka tashi wanke babba sai a ga ya farfashe. A ce a turo su a matsayin fayil, ko a zuba a filasha, a kuma ajiye a wuri biyu. A wanke ko da biyar ne a takarda. Waya tana faɗawa ruwa, ana ƙwace ta, tana mutuwa da duk abin da ke cikinta, kuma kusan duk bayan 'yan watanni sai wani ya zo yana roƙon in duba masa ko ina da sauran hoton mahaifinsa na wata Sallar da ta wuce. Wani lokaci a dace, wani lokaci an riga an goge.

Mai son hoton Ƙaramar Sallah ya nemi mai hotonsa kafin azumi ya raba tsakiya, na Babba kuma da zarar an ga watan Zulhajji. Ku kuma 'yan uwana masu kyamara, wanda ya san ba zai iya riƙe hoton matan mutane a rufe ba, don Allah ya tsaya a ɗaukar dawaki.