Yadda Ake Yi wa Motar Kaya Juye Kafin Baƙin Mai Ya Zama Laka

Daga fara girbin gero a ƙasar Bichi, Ɗambatta, Makoɗa da Dawakin Tofa har zuwa ƙarshen sussukar dawa, motar kaya ba ta san hutu ba. Da asuba tana bakin gona ana loda mata buhuna, da hantsi tana layi a Dawanau, in ta juyo kuma sai ta ɗauko taki daga birni, ko bulo, ko siminti. Ƙauyukanmu a manne suke da juna, gona na bin gona, saboda haka tafiyar gajera ce, hanyar burji ce, tsayuwa kuma ta fi tafiya yawa. A irin wannan aiki baƙin mai yakan mutu tun mita ba ta nuna lokacinsa ya yi ba.

Na gani da idona a motar kawuna. Sabuwa fil ya saye ta, da garantin shekara guda. Wani mai sayar da mai ya ce masa wannan man na zamani ne, yana daɗewa ninki biyu, shi kuma ya ɗauka. A wata na takwas injin ya buga, da lodin wake a kai. Da bakaniken garinmu ya ɗage murfin saman injin sai ga baƙar laka kamar kwaltar da rana ta narkar, ta lulluɓe komai. Da cokali ya riƙa kwasarta yana zubawa a gwangwani. Kawu ya tafi wurin waɗanda suka sayar masa da motar, ni ina biye.

"Alhaji, ina rasit ɗin juye?" in ji manajan.

"Yallaɓai, sau biyu muka yi mata juye. Ga direbana, ga yaron mota, duk shaidu ne."

"Alhaji, ka yi haƙuri, takarda nake nema. Sannan wa ya ba ku izinin buɗe injin?"

A nan maganar ta mutu. Tun daga ranar na daina ɗaukar juye ƙaramin aiki.

Matakin farko babu sifana a cikinsa, sanin lokaci ne. Littafin mota yakan zo da ma'auni biyu: na motar da ke gudu a kan kwalta, da na motar da ke aikin wahala, wanda sau da yawa rabin na farko ne. Mutane na farkon suke kamawa, don ya fi sauƙi ga aljihu. Amma duba abin da littafin ke kira aikin wahala: ƙura, gajeriyar tafiya, barin inji a kunne mota na tsaye, kaya mai nauyi, man gas marar kyau. Wanne ne babu tsakanin Kunchi da Dawanau?

Ga yadda lakar ke haɗuwa. Duk injin gas yana yin kunkunniya, wani ɓangare nata kuma yana sulalewa ta gefen ringi ya faɗa cikin mai. An zuba wa man sinadaran da ke riƙe ta a warwatse, shi ya sa yake yin baƙi cikin 'yan kwanaki, kuma wannan baƙin ba laifi ba ne. Sai dai sinadaran suna ƙarewa. Injin da ke ta aiki a tsaye ba ya ɗaukar zafin da zai kori tururin ruwa daga cikinsa. Ruwan ya haɗu da salfar da ke cikin gas, wato farar wuta, su zama asid, asid ɗin ya ci sinadaran. Daga nan kunkunniya ta fara dunƙulewa, ƙura ta ƙara mata jiki, ta toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Mital da karanshaf su shiga gogar juna a bushe. Shekaru da dama ƙa'idar Najeriya ta yarda da gas mai salfa har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali a Turai 10 ne tun 2009. Ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta tona wannan a rahotonta na 2016, a 2017 kuma aka sauke ƙa'idarmu zuwa 50 a takarda. Amma gas ɗin da direba ke saya a jarka a bakin hanya, ba wanda ya auna shi. Dogon wa'adin da ake tallatawa an yi shi ne don mai tsabtataccen gas da hanya marar ƙura.

Mita kuwa kilomita kaɗai take ƙirgawa. Awa uku da mota ta yi a kunne tana jiran masu dako ba su shiga lissafinta, balle motocin da mitarsu ta daɗe da mutuwa. A ganina mai motar ƙauye ya ƙirga awa kamar mai tarakta ko janareta, inda awa 250 ce ma'aunin da aka saba da shi. Motar da ke aiki awa goma a rana lokacin kaka ta cinye wannan cikin kwana 25. In ana shakka, a zaro geji inji na da ɗumi, a ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda, a bar shi ya kwana. Man da ke da sauran rai yana bazuwa, launinsa na raguwa a hankali zuwa gefe. Wanda ya mutu yana tsayawa baƙi ƙirin a tsakiya, bai tafi ko'ina ba.

Sai sayen mai. Yawancin waɗannan motoci 15W-40 suke sha, amma littafin motar shi ne alƙali. A duba jikin galan: lambar da ta fara da harafin C, kamar CH-4 ko CI-4, ta injin gas ce, wadda ke da S kaɗai kuwa ta fetur ce. A sayi mai a rufe, hatiminsa bai fashe ba. Na durom da ake aunawa da kwalba ya fi araha, amma Allah kaɗai Ya san abin da ke cikinsa, kuma ba shi da rasit. Filta ma haka take: ko a Ƙofar Ruwa ko a wace kasuwa ce, akwai gangariya akwai jabu, jabun kuma takan fi sauƙi a hannu don takardar cikinta kaɗan ce. Wajen yawan mai, motar Kanta tana shan galan biyu da ɗoriya, manyan tifa da tirela kuwa sun haura lita ashirin. A karɓi rasit mai kwanan wata da lambar man, a sa a rubuta lambar motar a kai.

Ranar juye, a zaɓi wuri miƙaƙƙe, a ja burkin hannu, a sa katako ko dutse a tayoyi. In iskar hunturu na kaɗawa, a raɓa da katanga, don ƙurar da za ta shiga ta bakin zuba mai a minti biyar ta isa ɓarna. A tada inji ya yi ɗumi kamar minti goma, ko a yi juyen bayan mota ta dawo daga aiki ta ɗan huce. Mai mai sanyi yana fita a kasale ya bar dattinsa a baya. A goge kewayen murfin sama da na notin ƙasa da tsumma, a tara baho, a kwance notin, a yi hattara da hannu don man na ƙuna.

A nan ne bakanike na gaske yake bambanta da mai kwance noti kawai, domin yana karanta man da ke zuba. In ya fito da launin shayi mai madara, ruwan lagireto na shiga inji, watakila gaskit ya ƙone, kuma sabon mai ba zai yi maganin wannan ba. In ya tsinke kamar ruwa yana warin gas, ko geji ya nuna mai na ƙaruwa maimakon raguwa, nozul na ɗiga. In aka murza shi tsakanin yatsu aka ji yashi-yashi, ƙura na wucewa ta filtar iska. In yana ƙyalli a rana, ko notin mai maganaɗisu ya fito da garin ƙarfe da yawa, mital ya fara ci. In kuwa yana fitowa da gudaji, yana tsayawa yana sake zubowa, to laka ta riga ta zauna. A ba shi lokaci ya tsiyaye sosai. Gaggawar yaron mota ta mayar da noti ita ke barin dattin da ya fi kauri a ciki.

Filta a sake ta duk juye. Masu tsallake ta don tsimi suna zuba sabon mai ne ya bi ta cikin tsohon datti, in ta toshe kuma akwai bawul da ke buɗewa man ya wuce ba tacewa. A tabbata tsohuwar robar ba ta manne a mazauninta ba, a shafa wa sabuwar mai da yatsa, a ɗaure da hannu har ta kama, sannan a ƙara abin da aka rubuta a jikinta. Noti kuma a sa masa sabon wosha, kada a danne shi har zarensa ya lalace.

Idan an samu laka, akwai abin da nake roƙon masu gareji su bari: zuba kananzir ko gas a inji a tada shi wai a wanke ciki. Yana ɓamɓaro lakar gaba ɗaya ta tafi ta toshe rariya, ga shi kuma ba ya kare mital ko kaɗan. Hanyar da ta fi ita ce a sauke kaskon ƙasa a kankare shi, a wanke rariyar famfo da bututun numfashin inji, a mayar, a zuba mai mai kyau, a sake juye da wuri sau biyu ko uku, da sabuwar filta kowane karo. Amma wannan na motar da garantinta ya ƙare ne. Mai garanti kada a taɓa mata noti ɗaya bayan na juye.

A zuba sabon mai da mazurari mai tsabta, a dakata ya sauka, a duba geji. Tsakanin layi biyu ake so, kusa da na sama, don mai in ya yi yawa kumfa yake yi. A tada inji ba tare da taka totur ba, musamman mai tobo, ido na kan fitilar mai, wadda ya kamata ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. In ba ta mutu ba a kashe nan take. A leƙa ƙasa ko akwai yoyo, a kashe, a jira minti biyar, a sake duba geji a cike gurbin da filta ta sha. Kafin a rufe, a buɗe filtar iska. A hunturu tana neman kulawa fiye da man kansa, kuma buga ta a jikin taya yana fasa takardarta.

Tsohon man a zuba shi a jarka a rufe. Na san ana shafa shi a katako don gara, amma kada a zubar a gona ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabba a miki, don guba ne. A nan ƙasarmu rijiya da gona da turken shanu duk taku kaɗan ne tsakaninsu.

Juye bai ƙare ba sai an rubuta: kwanan wata, kilomita ko awa, irin mai, lita nawa, filta, sunan gareji, a maƙala rasit, a ɗauki hoton mita da waya. Mai sabuwar mota ya karanta takardar garanti tun ranar saye, domin wasu suna sharɗanta cewa a garejinsu za a riƙa yi. In inji ya buga, a sanar da su a rubuce, a buɗe a gaban wakilinsu, a ɗebi man a kwalba mai tsabta a ajiye, don gwaji na iya nuna ko ruwa ne ya shiga ta dalilin aibin ƙira. Laka ba kullum laifin mai mota ba ce. A Amurka an yi dogon ja-in-ja da Toyota kan laka a wasu injinan fetur ƙirar 1997 zuwa 2002, masu motoci na cewa ƙira ce, kamfani na cewa jinkirin juye ne, har aka sasanta a 2007 kan motoci kusan miliyan 3.5. A nan gida akwai dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018 da hukumar FCCPC da ke karɓar ƙorafi, amma ita ma abin da za ta fara tambaya shi ne wanda manajan nan ya tambaya.

Kawu sai da ya sayar da bijimai biyu na huɗa kafin motar ta koma hanya. Yanzu akwai littafin makaranta mai fallaye arba'in a aljihun gaban motar, ƙunshe a leda. Direban da ajami yake rubutawa, duk yamma ya sa awannin da inji ya yi, ɗan kawu kuma ya mayar da shi boko ranar Juma'a. Kakar da ta wuce, daga yankan gero zuwa ƙarshen jigilar dawa, juye huɗu na ƙirga a ciki, kowanne da rasit ɗinsa a maƙale.