Kafin Damina Ta Tada Rigimar Iyaka

Mafi yawan iyakokin garuruwanmu a baki suke: "daga kukar nan zuwa rafin can". Kuka tana faɗuwa, rafi yana sauya hanya bayan ambaliya, dattawan da suka san wurin kuma suna ƙarewa. Shi ya sa rigimar kan tashi da saukar ruwan farko, sa'ad da kowa ya ɗauki fartanya ya nufi fadama.

Ku fara da tono tsofaffin takardu tun da rani. Turawan mulkin mallaka sun rubuta bayanin iyakokin gundumomi da yawa, kuma ana samun irinsu a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da fadar sarki, da ofishin babban safiyo na jiha. Rasiɗin haraji ma shaida ne, domin yana nuna dagacin da ƙauye yake bi.

Sannan hakimai da dagatai na ɓangarorin biyu su taka layin da ƙafa, tare da manoman da gonakinsu ke bakin iyaka. Kada a yi wannan a zaure. Inda aka amince, safiyo mai rajista ya auna, ya rubuta lambobin wurin, a kafa ginshiƙan siminti masu lamba, a zana taswira. Ku guji yaron da zai zo da waya ya ce zai auna muku da araha. Takardarsa ba za ta tsaya a kotu ba.

Sa hannun dattawa kaɗai bai isa ba. In garuruwan suna ƙaramar hukuma ɗaya, ku kai yarjejeniyar can, ta wuce zuwa kwamitin iyakoki na jiha, wanda mataimakin gwamna ke shugabanta. In kuwa gyaran zai taɓa iyakar ƙananan hukumomi biyu, sashe na 8 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai kashi biyu bisa uku na wakilan yankin a majalisar jiha da kansiloli sun nema, majalisar ta yi doka. Tsakanin jihohi kuma aikin Hukumar Iyakoki ta Ƙasa ne, wadda aka kafa a 1987. Ku matsa har a buga a gazet ɗin gwamnati, ko da zirga-zirgar ta gundure ku.

Abin da aka fi mantawa, kuma a ganina shi ne ke jawo zubar da jini: iyakar mulki daban, mallakar gona daban. Mutum na iya zama a wannan gari, gonarsa ta gado tana wancan. Ku rubuta ƙarara cewa layin bai ƙwace gonar kowa ba, burtali da mashaya da maƙabarta kuma na kowa ne. Kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa, a ajiye ɗaya a fada, ɗaya a sakatariya.