Shawara ga Baƙon da Aikin Agaji Ya Kawo Giyawa

Duk wanda ƙungiyar agaji ta turo ƙasar Goronyo, kamar likitocin MSF da suka yi hidima lokacin ambaliyar Gulbin Rima ta 2010, wajibi ne, kafin ya buɗe akwatin magani a Giyawa, ya fara kai gaisuwa ga mai gari da liman, domin da izininsu jama'a ke sakin jiki. Kada ya sa taro ranar Juma'a, ko sa'ad da magidanta ke fadama wajen albasa da shinkafa. Namiji ya tsaya a zaure, shiga cikin gida sai mace. Ita ma, a ganina, ta yi haƙuri da tsawon gaisuwa, ta jinkirta tambayar ciwo har uwargida ta ba ta tabarma.