Ƙafa Ta Karye A Kai Aliero, Hankali Ya Taɓu A Kai Ina?

Darasi domin ƙungiyoyin manoma. A karanta a taron wata, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

'Yan'uwa manoma, kowa a ƙasar nan ya san abubuwa biyu da garin Aliero ya yi suna a kansu, watau albasa da ɗori. Idan mutum ya faɗo daga amalanke ya karye, ba a tsayawa gardama. 'Yan'uwa sukan yi karo-karo, a nemi mota, a kai shi wurin masu ɗori ko asibiti. Sa'ad da yake kwance kuwa, mutane sukan zo gaisuwa da fura da goro, abokansa su yi masa gayya a gona. Ba wanda yake jin kunya wai ɗan'uwansa ya karye.

Amma idan hankalin mutum ne ya taɓu fa? Sai a ja ƙofa a rufe. Baƙo ya tambaya, a ce ya yi tafiya. Masu gaisuwa su ɗauke ƙafa. Wannan darasi domin mu dubi al'amarin nan tare ne, gama da wuya a sami ƙauye tsakanin Jega, Aliero da Maiyama inda babu gidan da ke fama da shi a ɓoye.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Akwai wani manomi a wata ƙungiyarmu, mutum mai himma, shi ne ma yake riƙe mana littafin taki. A shekara ta 2020, da ruwa ya yi ambaliya ya cinye shinkafar fadamu a jihar Kebbi, gonarsa ta tafi duka, ga bashi a wuyansa. Sai ya daina zuwa taro. Muka ce fushi yake yi. Ya daina zuwa gona, muka ce lalaci ne. Ni kaina na faɗi haka. Wata huɗu suka wuce kafin na taka gidansa. Na same shi a ɗaki ya rame, ba ya barci, ba ya cin abinci sai an matsa masa, yana cewa shi ba shi da sauran amfani a duniya. Ashe ciwo ne yake cinsa, mu kuwa muna zarginsa. Da aka kai shi wurin likita, ya sha magani, 'yan ƙungiya kuma suka koma ziyararsa, sai ya dawo hayyacinsa sannu sannu. Yau yana noma. Amma watanni huɗun nan suna damuna har yanzu.

Mene Ne Wannan Ciwo?

Ƙwaƙwalwa gaɓa ce ta jiki, kamar hanta ko huhu. Da ita muke tunani, da ita muke jin murna ko tsoro. Tana iya yin ciwo kamar kowace gaɓa, tana kuma iya samun sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana tare da wani irin ciwon ƙwaƙwalwa. Ku duba fa, idan mu 40 ne a ƙungiya, lissafin nan bai tsallake mu ba.

Mu dai idan aka ce taɓin hankali, sai mu tuna da mai yawo a kasuwar Jega da tsummoki. Shi wannan ɗaya ne cikin masu yawa, sau da yawa kuwa rashin kulawa ne ya kai shi haka. Ga waɗansu iri da ya kamata mu gane:

1. Ciwon baƙin ciki mai zurfi. Mutum ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin kome, barci ya ƙi, ci ya ƙi, aiki ya gagara, yana ganin laifin kansa kullum. Shi ne ya kama manomin da na ambata.

2. Ciwon fargaba. Gaba yana faɗuwa ba dalili, zufa, tsoro, tunani ba hutawa. Yakan kama wanda ya ga tashin hankali, kamar harin 'yan bindiga ko haɗarin mota.

3. Ruɗewar hankali. Mutum yana jin muryoyi da ba wanda ke ji, yana zargin ana binsa ko an sa masa guba a tuwo. Irin mai daɗewa yakan sami wajen mutum 1 cikin 300, yakan kuma fara a lokacin samartaka.

4. Ciwon hawa da sauka. Wani lokaci mutum ya yi ta surutu, ba barci, yana rabar da kayansa, wani lokaci kuma ya faɗa baƙin ciki.

5. Ciwon jego. Mace ta haihu, sai ta shiga kuka da ƙin jariri, ko kuwa ta ruɗe gaba ɗaya cikin makonnin farko. Mai tsananin nan yakan sami mace 1 ko 2 cikin 1,000 da suka haihu. Yana warkewa idan an yi hanzari.

Akwai abubuwa biyu da ake rikita su da taɓin hankali. Na ɗaya farfaɗiya. Ita ciwo ce dabam, ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓa mai ita, kuma wajen mutum 7 cikin 10 sukan daina faɗuwa idan suna shan magani daidai. Na biyu, ruɗewa tare da zazzaɓi. Idan mutum yana sambatu, jikinsa da zafi, wuyansa ya sanƙare, kada a kwana. Sanƙarau ne mai yiwuwa, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Kun tuna yadda sanƙarau ya kashe mutane a Gwandu, Jega da Aliero a farkon 2025. Irin wannan asibiti za a nufa nan take.

Me Ke Kawo Shi?

Dalili ba ɗaya ba ne. Wani yakan gāji saurin kamuwa a jini, ko da yake ba dole ne ɗan mai ciwon ya kamu ba. Wani buguwa ce a kai. Wani kuwa nauyin duniya ne: mutuwar ɗa, asarar amfanin gona, bashi, duka a gidan aure.

Sai kuma shaye-shaye, wanda ya shafe mu ƙwarai. Samarinmu da yawa suna haɗiyar tiramadol wai domin su yi aikin mutum biyu a lambu ko wajen lodin buhunan albasa. Ƙarfin aro ne. Yakan ƙare da jijjiga kamar farfaɗiya, da faɗa, da ruɗewa. Haka wiwi da sholisho da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Binciken da aka yi a ƙasar nan a shekarar ya nuna mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Mai lambun da ya san 'yan ƙodagonsa suna sha ya yi shiru domin aiki ya yi sauri, lalle yana da hannu cikin abin da zai biyo baya.

Na sani da yawa za su ce iskoki ne, ko sammu. Ba zan yi jayayya da kowa a kan abin da ya gaskata ba. Abin da nake roƙo shi ne, addu'a kada ta hana magani. Mai karaya ana yi masa addu'a, ana kuma ɗaure masa ƙafa. Duk wurin da aka ce sai an yi wa marar lafiya bulala, ko an hana shi abinci, ko ya zubar da maganin likita, ku ɗauke ɗan'uwanku daga can, ko wane ne mai wurin.

Nauyin Da Suke Ɗauke Da Shi

Waɗanda suka sami sauƙi sukan ce halin mutane ya fi ciwon zafi. Mutum ya warke, amma sunan mahaukaci ya bi shi. Yara su jefe shi, manya su yi dariya. Ya yi magana a taro, ba mai saurare. A raba gado, a tsallake shi. A zo neman auren ƙanwarsa, a ji labari, a fasa. Mace kuwa sau da yawa saki ne rabonta, a kuma raba ta da jaririnta.

Iyali ma suna shan wuya. Uwa ba ta barci domin tsaro. An sayar da awaki, an jinginar da gona, an zaga wurin masu magani, kafin a tuna da asibiti kuɗi sun ƙare. Likitocin wannan ciwo kuwa kaɗan ne, 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum fiye da miliyan 200, yawancinsu kuma a manyan birane suke. Gajiya da rashin sanin abin yi su ne ke sa iyali su kawo mari ko turu.

Amma mari ba ya warkarwa. Yana cin ƙafa, yana ƙara tsoro da fushi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa. A watan Agusta na 2020 kuma, a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, aka sami wani yaro a ɗaure tare da dabbobi. Maƙwabta suna kusa a duk wuraren nan. A watan Janairu na 2023 shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Sabuwar ta ce mai wannan ciwo yana da haƙƙi kamar kowa, ba za a wulakanta shi ba, ba kuwa za a nuna masa bambanci ba.

Yawancin masu ciwon nan ba su cutar da kowa. Su ne ma aka fi cuta.

Darasi Daga Ƙauyen Aro

A shekara ta 1954 wani likita ɗan ƙasar nan, Dokta Thomas Adeoye Lambo, ya gwada wata dabara a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya shirya da mutanen ƙauyukan kewaye su ba su masauki. Kowane marar lafiya ya zo da ɗan'uwa ɗaya mai jinya. Da rana su karɓi magani, su kuma yi aikin da za su iya, su shiga kasuwa, su zauna cikin jama'a. Aka ga suna samun sauƙi. Labarin ya zaga duniya, daga baya Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Ku lura, abin da ya yi aiki da shi muna da shi: ƙauye, dangi, gona. Magani kaɗai za mu nemo.

Abin Da Ƙungiya Za Ta Iya Yi

Na ɗaya, mu lura da juna. Wanda ya rasa taro sau biyu ba dalili, mutum biyu su je gidansa. Su zauna, su saurara, kada su yi masa faɗa ko su ce ya yi haƙuri kawai su tashi.

Na biyu, a kai shi asibiti da wuri. A fara da babban asibitin Jega, Aliero ko Maiyama, su za su nuna mataki na gaba. Akwai asibitin tarayya a Birnin Kebbi, akwai kuma asibitin tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kware, kusa da Sakkwato. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a gaya wa likita kome, har da abin da mutumin yake sha.

Na uku, a riƙe magani. Yakan ɗauki makonni kafin a ga canji. Idan ya kawo yawan barci, rawar hannu ko sanƙarewar jiki, a koma wurin likita ya gyara, kada a daina. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin magani da zarar an ga sauƙi, sai ciwon ya komo. Wanda ya cire karan ɗori tun ƙashi bai kama ba ya san sauran.

Na huɗu, a ware wani abu cikin asusun ƙungiya domin kuɗin mota da magani. Mudu ɗaya daga kowa a lokacin kaka ba zai rage kowa ba. Gonar marar lafiya kuma a yi mata gayya, kada damina ta wuce shi.

Na biyar, a kulle maganin feshi. Wajen kashi 1 cikin 5 na masu hallaka kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi, sau da yawa cikin ɓacin ran ɗan lokaci. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana. Ƙungiya ta sami akwati mai kwaɗo. Idan mutum ya ce ya gaji da rai, kada a ɗauka wasa ne, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi taimako ran nan.

Na shida, idan ya ruɗe yana ihu, a kori 'yan kallo, a kawar da lauje da adda, wanda ya fi yarda da shi ya yi masa magana a hankali da sunansa.

Na bakwai, idan ya sami sauƙi a mayar masa da wurinsa. A ba shi aiki daidai ƙarfinsa, kamar kiwo ko tsince albasa, a biya shi daidai da kowa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Me ya sa muke zuwa gaida mai karaya, amma muna gudun gidan mai taɓin hankali?
2. Waɗanne sunaye muke kiran masu ciwon nan da su? Yaya za mu koya wa yaranmu su daina?
3. Idan muka ji an ɗaure wani a ƙauyenmu, wa zai fara yi wa iyalin magana, me kuma zai kai musu banda magana?
4. Nawa ne kuɗin mota daga ƙauyenmu zuwa asibiti, zuwa da dawowa, na mutum biyu? Asusunmu zai iya?
5. Ina kowannenmu yake ajiye maganin feshinsa a daren yau?

Magatakarda ya rubuta abin da aka yanke, da sunan waɗanda suka ɗauki kowane aiki, a karanta a taro mai zuwa. Ran 10 ga Oktoba kowace shekara ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Ƙungiyar da ta ga dama ta sa taronta kusa da ranar, ta gayyato malamin asibiti ya amsa tambayoyi. Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.