Darasin Kiwon Lafiya: Yadda Ake Naɗe Jinjiri Mai Rigima

A ƙauyukan arewacin Kano, kamar na ƙasar Ɗambatta, Makoɗa, Kunci, Bici da Minjibir, gida yana jikin gida, gona tana jikin gona. Idan jinjiri ya tsala kuka da tsakar dare, har maƙwabta sai sun ji. Mai jego ba ta runtsa ba. Maigida kuwa da asuba zai kama hanyar gona. Kaka ta ce yunwa ce. Abokiyar zama ta ce ciwon ciki ne. Wata ta ce a jiƙa masa magani.

Tun kaka da kakanni mata sun san wata dabara. Sukan naɗe jinjiri da zane, sai ya yi shiru, barci ya ɗauke shi. Dabarar tana da amfani. Amma idan aka yi ta ba daidai ba, tana iya jawo nakasa, har ma da asarar rai. Darasin wannan wata zai bayyana yadda ake yin ta, da lokacin da ake daina ta.

Me Ke Sa Jinjiri Kuka?

Kuka shi ne maganar jinjiri. Da shi yake cewa yana jin yunwa, ko ya jiƙe, ko zafi ya dame shi, ko sanyi. Wani lokaci iska ce ta taru a cikinsa. Wani lokaci jikin uwarsa kawai yake so.

Likitocin yara sun lura kukan jinjiri yakan ƙaru daga mako na 2 da haihuwa. Yakan yi tsanani wajen mako na 6. Daga wata na 3 zuwa na 4 sai ya ragu. Saboda haka yawan kuka a kwanakin jego ba laifin uwa ba ne. Ba kullum ne kuma yake nuna nono bai isa ba.

Akwai kuma zabura. Jinjiri yana cikin barci sai ya watsa hannuwa kamar wanda zai faɗi, ya farka da kuka. Wannan ba aljanu ba ne, ba kuma ciwo ba ne. Kowane jinjiri mai lafiya da haka ake haihuwarsa. Takan wuce da kanta tsakanin wata 4 zuwa 6.

A nan naɗi yake amfani. Jinjiri ya yi wata tara a takure cikin mahaifa, cikin ɗumi. Idan aka naɗe shi, sai ya ji kamar yana can. Hannuwansa ba za su watsu su tashe shi ba.

Kafin A Naɗe

Naɗi ba ya maganin yunwa. Kafin a ɗauko zane, sai a duba abu huɗu:

1. Ya sha nono ya ƙoshi? Sabon jinjiri yana bukatar nono sau 8 zuwa 12 a yini da kwana.
2. Ya yi gyatsa? A saɓa shi a kafaɗa, a riƙa shafa bayansa a hankali.
3. Tsummansa ko nafkinsa a bushe yake?
4. Jikinsa ya yi zafi ko sanyi fiye da yadda aka saba?

Idan duk waɗannan lafiya lau ne, amma rigima ba ta tsaya ba, to sai a gwada naɗi.

Zane Ko Jakar Barci?

A kantunan kayan jarirai na birni ana sayar da wata 'yar jaka da aka ɗinka domin barcin jinjiri. Tana da zif ko maɓalli. Daga sama tana kama ƙirji da hannuwa. Daga ƙasa tana da faɗi, domin ƙafafu su sake. Amfaninta shi ne ba ta warwarewa da dare ta rufe fuskar yaro.

Wanda zai saya ya duba girmanta. Idan wuyanta ya yi faɗi, kan jinjiri zai iya zamewa ya shige ciki. Kada a sayi mai nauyi, wadda aka cusa wa wani abu a ƙirji. A shekarar 2022 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta yi gargaɗi a kan irin wannan mai nauyin. A guji ta roba ko mai kauri, domin ƙasar nan ƙasar zafi ce.

Wanda ba shi da halin saye kada ya damu. Tsohon zanen atamfa na auduga, wanda ya sha wanki ya yi laushi, ya wadatar. A yanki kamar yadi ɗaya, tsawo da faɗi daidai. A wanke shi da sabulu, a shanya a rana. Telan ƙauye ma zai iya ɗinka jakar, idan aka yi masa bayani: sama daidai jiki, ƙasa da faɗi, ba igiya a wuya.

Yadda Ake Naɗi Da Zane

1. A wanke hannu da sabulu.
2. A shimfiɗa zanen, kusurwa ɗaya tana sama. A ninke wannan kusurwar kamar taƙi ɗaya.
3. A kwantar da jinjiri rigingine. Kafaɗunsa su zo daidai ninkin. Kansa da wuyansa su kasance a waje.
4. A kwantar da hannunsa na dama a jikinsa. A jawo zanen ta kan ƙirji, a soke shi ƙarƙashin bayansa ta hagu.
5. A ɗago ƙasan zanen sako-sako, yadda ƙafafu za su iya lanƙwashewa su buɗe.
6. A kwantar da hannun hagu. A jawo ɗaya gefen, a soke a baya.
7. A gwada. Yatsu biyu ko uku na babba su iya shiga tsakanin zane da ƙirjin jinjiri. Idan ba su shiga ba, an matse da yawa, sai a sassauta.

Wani jinjirin ba ya son a rufe masa hannuwa. Irin wannan sai a naɗe shi daga hammata zuwa ƙasa. Wanda ya ƙi naɗi sam, a ƙyale shi. Naɗi ba dole ba ne.

Dokoki Biyar

Doka ta farko: jinjiri ya kwanta rigingine. Kada a kwantar da naɗaɗɗen jinjiri rub da ciki ko ta gefe. Hannuwansa a ɗaure suke. Idan hancinsa ya nutse cikin shimfiɗa, ba zai iya ture kansa ba. A da, jarirai da yawa a ƙasashen Turai sukan mutu cikin barci ba tare da wani ciwo ba. A shekarar 1991 aka fara yekuwa a Ingila cewa a riƙa kwantar da jarirai rigingine. Amurka ta fara tata a 1994. A ƙasashen biyu, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi.

Doka ta biyu: kada a miƙe ƙafafu a ɗaure. Wasu suna ganin ɗaurin zai sa ƙafa ta miƙe sambal. Ba haka ba ne. Gaɓar ƙugun jinjiri ɗanya ce. Idan aka haɗe ƙafafu aka matse, kan ƙashin cinya zai iya gocewa daga gurbinsa. Mai yiwuwa ba za a gane ba sai yaro ya fara tafiya yana ɗingishi. A ƙasar Japan an daɗe ana naɗe jarirai da ƙafafu a miƙe, kuma gocewar ƙugu ta yi yawa. A 1975 aka fara wayar da kan iyaye su bar ƙafafu su sake, sai ciwon ya ragu ƙwarai. Goyo irin na matan Hausa, inda ƙafafun yaro suke buɗe a bayan uwa, yana da kyau ga ƙugu.

Doka ta uku: fuska a buɗe. Kada zane ya wuce kafaɗa. Kada a lulluɓe kan jinjiri da shawul ko bargo yana barci. Shimfiɗarsa ta zama mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗiya, ba matashi, ba tarin tsummoki. Abin da ya fi shi ne a yi masa wurinsa kusa da uwarsa, cikin gidan sauro. Idan shimfiɗa ɗaya za su kwana, to a warware naɗin, a kuma nisantar da bargon manya daga gare shi.

Doka ta huɗu: kada zafi ya yi yawa. Ɗumin jikin jinjiri mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Inda babu ma'aunin zafi, sai a taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa. Idan akwai gumi, ko gashi ya jiƙe, ko ƙurajen zafi sun feso, a rage kaya. Jinjiri mai zazzaɓi ba a naɗe shi.

Doka ta biyar: a san lokacin dainawa. Da zarar jinjiri ya fara ƙoƙarin juyawa da kansa, naɗi ya ƙare. Yawanci hakan yakan faru a wata na 3 ko na 4, amma wasu tun suna wata 2. Daga nan sai riga, ko jakar barci wadda hannuwa suke waje.

Naɗi na lokacin barci ne kawai. Idan za a ba da nono sai a warware, domin jikinsa ya taɓa na uwarsa. A makonnin farko, idan barci ya kai awa 3 zuwa 4 bai sha ba, a tashe shi ya sha.

Hunturu Da Bazara

A watan Disamba da Janairu, sanyin asuba a ƙasar Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15. Sabon jinjiri yana saurin yin sanyi, musamman bayan wanka. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a jinkirta wankan farko har sai an yi awa 24 da haihuwa. A goge shi da tsumma mai tsabta, a ɗora shi a ƙirjin uwa, ya sha dakashi. A lokacin hunturu a sa masa riga da safa, sannan a naɗe da zane ɗaya.

A yi hattara da wutar jego. Kaskon garwashi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana fitar da iska mai guba. Ba a ganinta, ba ta da wari, amma tana kisa. A fitar da garwashi kafin a kwanta. Inda mai jego take kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, kada a kwantar da jinjiri a kai.

A watan Afrilu kuwa zafin rana yakan kai digiri 40. A irin wannan lokaci nafkin da zane marar kauri sun isa. Idan ɗaki ya yi zafi sosai, a bar naɗin.

Bakwaini Da Ƙaramin Jinjiri

Jinjirin da aka haifa bakwaini, ko wanda bai kai kilo biyu da rabi ba, jikin uwa ya fi masa zane. A shekarar 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, kwalaben renon jarirai suka yi kaɗan a wani babban asibiti. Sai likitoci suka sa iyaye mata su riƙa ɗaura jariransu a ƙirji, fata da fata. Dabarar ta ceci rayuka, ta kuma bazu a duniya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara yin haka nan da nan bayan haihuwa.

Ana sa wa jinjiri hula da nafkin kawai. A ɗora shi a tsaye tsakanin nonuwan uwa, kansa yana kallon gefe. A ɗaure da zane, kamar goyo amma ta gaba. Idan uwa ta gaji, uba ko kaka za su iya karɓa. Duk da haka, irin wannan jinjiri dole ma'aikacin lafiya ya duba shi.

Kukan Da Naɗi Ba Ya Magani

Wani kukan na ciwo ne. A garzaya asibiti, ko da dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ya ƙi kama nono.
2. Jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau.
3. Numfashinsa ya kai sau 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana loɓawa ciki.
4. Yana taune-taune ko sanƙarewa.
5. Idanu, tafin hannu ko tafin ƙafa sun yi rawaya, wato shawara.
6. Cibiya ta yi ja, tana wari ko fitar da mugunya.
7. Ya yi laushi, ba ya motsi sai an taɓa shi.

A fara da ƙaramin asibiti mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura babban asibiti, kamar na Ɗambatta ko na Bici. Ciwon jinjiri ba ya jiran wayewar gari, ba ya kuma jiran ranar suna.

Kada a ɗura wa jinjiri jiƙo, ko ruwa, ko maganin barci na kemis domin ya yi shiru. Nonon uwa zalla ya ishe shi har wata 6. Zuma kuwa sai ya cika shekara ɗaya.

Aikin Maigida

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai jegon da ta kwana uku ba barci tana iya hasala. Komai zafin kuka, kada a girgiza jinjiri da ƙarfi. Wuyansa ba shi da ƙwari, girgiza tana iya zubar da jini a ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya ji haƙurinsa ya ƙare, ya kwantar da yaro rigingine, ya kira wani ya karɓa.

Maigida ya tanadi zane da sabulu da gidan sauro tun kafin haihuwa. Ya ajiye kuɗin mota. Ya san mai abin hawan da zai buga wa ƙofa da dare. Ya kuma bar izini, domin idan ciwo ya taso ba ya gida, a tafi asibiti ba sai an jira shi ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa huɗu ake dubawa kafin a naɗe jinjiri?
2. Yaya ake kwantar da naɗaɗɗen jinjiri?
3. Me ya sa ba a ɗaure ƙafafu a miƙe?
4. Yaushe ake daina naɗi?
5. A faɗi alamu uku da ke sa a garzaya asibiti.

Aikin Aji

Malami ya kawo zane da 'yar tsana ko ƙunshin tsumma. Kowane ɗalibi ya gwada naɗi, saura su duba ko yatsu biyu sun shiga ƙirji, ko ƙafafu sun sake. Daga nan kowa ya rubuta dokoki biyar a littafinsa, ya je gida ya karanta wa mai ciki ko mai jegon da ke kusa da shi.