Karatun Bayan Gwangwani

'Yan'uwa, da yawa cikinmu mun iya karatu, amma sa'ad da muka shiga kanti sai mu bar karatun a gida. Mukan dubi hoton saniya mai ƙiba a gaban gwangwani, mu biya kuɗi, mu tafi. Abin da ke gaba kirari ne na mai kaya. Ƙananan baƙaƙen da ke baya, su ne abin da doka ta tilasta masa ya faɗa.

Bari mu fara da jerin kayan haɗi. Ƙa'idarsa ita ce, abin da ya fi nauyi shi akan rubuta da fari, mafi ƙanƙanta kuwa daga ƙarshe. Ku ɗauki ledar dunƙulen magi ku duba, galibi gishiri ne kan gaba. Ashe uwargida wadda ta jefa dunƙule huɗu cikin miya, kana ta ƙara gishiri da hannu, ta sa gishiri sau biyu ke nan, ba ta sani ba.

Ga inda mutane ke tuntuɓe. Sau da yawa ba gishiri akan rubuta cikin lissafin ba, sai sodiyam. Ku riɓa sodiyam sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Miligiram 400 na sodiyam giram 1 ne na gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a yini, wato kamar cokalin shayi guda, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da taliyar yara. Ga mai hawan jini wannan lissafi ba wasa ba ne, gama yawan gishiri yakan ƙara ciwon, ciwon kuwa yakan kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Mu lura kuma, adadin na giram 100 ne, ko na dukan abin? Lemon kwalba yakan ɗauki wajen giram 10 na sukari cikin mililita 100. Kaɗan ne, in ji mu. Amma robar mililita 500 ce, giram 50 ke nan, cokalin shayi goma sha biyu, yaro kuwa ya shanye a tashi ɗaya.

Saniyar nan fa da muka ambata? Akwai madarar da aka kwashe manta na asali, aka zuba man itace a madadinsa. A baya aka rubuta haka. Ta yi kyau a shayi, amma ba abincin jariri ba ce. In baƙaƙen sun yi wa idonku ƙanana, ku miƙa wa ɗan makaranta ya karanta muku tun kuɗin na hannunku.